Kafin Ka Raɗa wa Ɗiyarka Suna

Anka,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Usmanu, wanda gida ke kira Tanko,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka warware wannan takarda mota ta riga ta sauke ku Makurɗi lafiya, kai da iyalinka Zulai, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki a gidan wayar da aka tura ka. Na ba Innarku takardar ta cusa cikin jakar daddawa da yaji, don na san ita ce jakar da za ku fara buɗewa. In ka ji tana wari, ka yi haƙuri ka karanta haka nan.

Ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci, ka sunkuyar da kai ka ce mini, "Baba, in Allah Ya sauki Zulai lafiya, in mace ce, wane suna ka gani? Gajere nake so, wanda mutanen can za su iya faɗi." Na san kunyar da ka haɗiye kafin ka iya furta wannan a gabana. Ni kuma na ce maka Allah dai Ya raba lafiya, na shiga maganar taki. Ba don ban ji ba. Nauyi ne ya kama ni, kuma amsar ta fi tsawon hanyar masallaci zuwa gida. 'Ya'ya mata shida Allah Ya ba ni, da kai namiji ɗaya, kuma kusan kowane suna sai da na yi wauta a kansa. Na ga gara in jera maka wautata ka gani da idonka, ya fi in tsaya ina yi maka wa'azi.

Lokacin da Innarku ke da cikin fari, ina sabon malamin gona, da keke da littafin awo, ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni wayo. Aka tura ni Gummi rabon irin auduga, na sauka gidan Gwaggo A'i, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni shekara huɗu ina ƙarami. Ta dama mini fura da nono mai kauri, ta dafa shinkafa da kifi. Da cikina ya cika sai bakina ya buɗe, na ce, "Gwaggo, in mace aka samu, takwararki ce." Ta yi ta sa mini albarka. Bayan mako uku na dawo Anka, na tarar da mahaifiyata tana kaɗin zaren da za a saƙa zanen goyo. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Inna, in mace aka samu, sunanki za a sa." Gaskiyar magana, na raba alkawarin nan ko'ina ne don na tabbatar wa kaina namiji za a haifa.

Aka haifi mace. Ranar suna Gwaggo ta iso daga Gummi a bayan babbar mota, kwana biyu a hanya, da ƙwaryar shinkafa da zanen saƙi da wasu 'yan mundaye na azurfa don takwararta. Aka yi addu'a a ƙofar gida, aka shafa fatiha, maroƙi ya shiga cikin gida yana shelar cewa sunan jaririya Hauwa'u, wato sunan mahaifiyata. Innarku ta ce Gwaggo ta juya ta tambayi ta kusa da ita, "Mi yac ce?"

Aka ce, "Hauwa'u, Gwaggo."

Ta ce, "To, ashe kunnena lahiya lau shike."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure mundayenta a bakin zane, ta bar shinkafar, ta ce ita shinkafa ba ta yi mata laifi ba, ta nemi motar Gummi tun kafin a gama feɗe rago. Shekara biyu ko saƙon gaisuwa ba ta amsa mini ba. Sai da aka haifi ta biyu na sa mata A'isha, na hau keke na tafi da kaina na durƙusa na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Wagga kuma, wa kay yi ma alkawali baya gare ni?" Sannan ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da mundayen nan.

Abin dariyar shi ne, duk wannan rigima a kan sunaye biyu ne da ba wanda ya taɓa kiran su a gidan nan. Wa zai iya ɗaga murya ya kira sunan uwata a tsakar gida? Sai Innarku ta mayar da ita Uwani, wato uwa ce, mutanen waje kuma suka ce Kulu, kamar yadda ake ce wa kowace Hauwa'u. Ta biyu kuwa Bafulatanar da ke kawo mana nono ce ta fara ce mata Indo, ya bi ta har yau. Saboda haka, Tanko, kada ka yi wa kowa alkawarin suna alhali ɗa yana ciki. Ko an ciyar da kai ka ƙoshi, ka yi godiya ka rufe bakinka. Kuma ina so ka ji daga gare ni yau, ban ɗora maka sunan kowa ba. Uwata ta samu takwara, Gwaggo ta samu, Innarku tana da uku a gidajen yayyenka. Ba wanda zai ɗaure mundaye ya tafi saboda kai.

Ta uku a Gummi aka haife ta, bayan an mayar da ni can da zama. Ka san ana ce mata Basa, amma ban sani ba ko an taɓa gaya maka labarin daga bakin mai laifi. Muna da maƙwabci, Alhaji Mamman mai tireda, wanda ya yi shekaru a hanyar Makka ta ƙasa kafin ya dawo. Kullum da la'asar mutane na zagaye shi yana ba da labari. Wata rana na iso a tsakiyar magana, na ji yana kwaikwayon wata mata a kasuwar can tana kira, "Basala, basala." Kalmar ta yi mini daɗi a kunne. Na ce, "Alhaji, wannan suna fa? A can ana yawan samunsa?"

Alhaji Mamman mutum ne mai barkwanci, ni kuma ban riga na san halinsa ba. Bai ko yi murmushi ba ya ce, "Malam Garba, ai can ba gidan da za ka shiga ba ka tarar da ita ba."

Shi ke nan na riƙe. Da aka haihu, kwana shida ina yawo da sunan nan a baki. Na gaya wa abokan aiki, na gaya wa mahauci, na gaya wa mai gyaran keke, ina ta alfahari na samo sunan da ba kowa ke da shi ba a ƙasar Gummi. Safiyar suna na matsa kusa da Liman na raɗa masa a kunne. Sai na ga ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na zaci kuka yake don daɗin sunan. Ya ɗago ya ce a hankali, "Malam Garba, ba kai ne malamin gona ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "To, ka yi aikinka. Basala da Larabci albasa ke nan, ƙwaya ɗaya."

Mutane na zaune suna jira, an riga an raba goro. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka cece ni." Ya ce a sa Safiya, ma'anarsa tatacciya, wadda ba gauraye a cikinta. Aka sa Safiya. Amma gari ya riga ya ji, Alhaji Mamman kuma ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Kafin a yi arba'in kowa na ce mata 'Yar Albasa, daga baya aka gajarce ya koma Basa. Mu muna dariya, ita kuwa da ta shiga makaranta sau da yawa tana dawowa da hawaye, don yara na toshe hanci in ta wuce. Yanzu tana da 'ya'ya huɗu, ta daina jin haushi, sai dai duk shekara in an cire albasar fadama takan aiko mini da kwando guda ba tare da wani saƙo ba. Ni na san abin da take nufi.

Don haka duk sunan da ya yi maka daɗi, a rediyo ka ji shi ko a kaset ko a bakin wani da ya dawo daga tafiya, ka kai shi gaban malamin da ya san Larabci ya fassara maka tukuna. Kuma kada ka bari kowa ya ji shi kafin malamin.

Na huɗu ba na dariya ba ne, kuma shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa. Muna Bukkuyum a lokacin, damina ta yi tsakiya, gulbi ya cika sai da kwalekwale. Ina wani ƙauye a tsallake ina awon gonaki aka kawo mini labarin an haihu. Na riga na tanadi sunan Usmanu, na yi kiwon rago wata biyar. Aka ce mace ce. Na ci gaba da awo har kwana biyu, aikin da ko an bar shi wata guda ba abin da zai same shi. Ranar suna Liman ya tambaye ni, na ce, "Ta nawa ke nan? Ta huɗu. A sa Rabi." Haka na faɗa, kamar mai ƙidayar buhu.

Rabi na da kamar shekara goma, malaminsu ya ba su aiki kowa ya tambayo ma'anar sunansa a gida. Ta same ni ƙarƙashin darbejiya ina liƙin tayar keke, da littafinta da fensir.

Ta ce, "Baba, mi sunana ke nufi?"

Na ce, "Ta huɗu."

"Ta huɗu a mi?"

"A haihuwa."

Ta rubuta. Ta tsaya tana jira, fensir na kan takarda. Da ta ga na koma kan tayata sai ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Sai ta ce, "Yaya Uwani sunan Kaka ta ci. Yaya Indo sunan Gwaggo. Ko Yaya Basa tana da labari." Ta rufe littafinta ta shiga gida, ba kuka, ba fushi.

Tanko, tayar nan ban gama liƙinta ran nan ba. Washegari na ɗora ta a bayan keke na kai ta gidan Liman, na ce ya gaya mata abin da ya sani a kan sunanta. Allah Ya yi wa dattijon nan rahama. Ya ce mata lalle sunan na nufin ta huɗu, amma an yi wata baiwar Allah mai wannan suna a zamanin da, wadda maza malamai ke zuwa neman karatu a ƙofarta. Ya ce kuma a Larabci akwai kalma 'yar uwar sunanta, wadda ake kiran lokacin da ƙasa ke yin kore bayan ruwa ya sauka, ita kuma ga shi cikin damina ta zo. Ta cika shafi guda. Amma ni na san ba don wannan na sa mata ba.

Sai ranar da za ta tafi makarantar ungozoma na iya gaya mata gaskiya, har da kwana biyun da na yi a tsallaken gulbi. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, ai tun ran nan na gane. Amma ka ɗauke ni a keke har gidan Liman, su Yaya Indo ba ka taɓa ɗaukar su ba." Yau ita ce ke karɓar haihuwa a asibiti, kuma ita ta kwana a kaina wata guda lokacin da ƙafata ta kumbura. Na ji an ce in ta fito ta yi wa uba albishir da mace ta ga ya ɓata fuska, takan tsaya a gabansa har sai ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Shi ya sa na ji daɗi da ka fara tambaya da sunan mace. Ka riga ka fi ni. Abin da zan ƙara maka kawai, wata rana yarinyar nan za ta zo da littafi da fensir. Ka zaɓi sunan da in ta tambaye ka dalili kana da abin faɗa mata, ba sai ka nemi Liman ya yi maka ciko ba.

Ka ce kana son wanda mutanen can za su iya faɗi. A nan ma ina da labari. Bayan mun dawo Anka, ka tuna malamin lissafin nan mutumin gabas da ya kama haya a gidan da ke jikin namu, da matarsa mai ɗinki? Kana firamare a lokacin. Suna da ɗiya, Ngozi. Ni kuwa bakina ya ƙi sunan, ban kuma damu in koya ba, shekara biyu ina ce mata Gozo. In na kira ta takan yi kamar ba ta ji ba, har na ce wa Innarku yarinyar nan ba ta da ladabi. Wata safiya ta zo karɓar wuta, na ce, "Gozo, an tashi lafiya?" Ta ajiye kaskonta, ta tsaya gabana, da Hausarta tsaf ta ce, "Baba, sunana Ngozi. Ka fara da hanci." Yarinya 'yar shekara bakwai ta tsayar da ni ina maimaitawa har sau biyar, Innarku na bakin murhu tana dariya. Da na iya, sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ya kamata. Na tambayi ubanta ma'anar sunan, ya ce albarka. Innarku ta ce, "Ashe Baraka ta, muna ta wahal da ita."

To, can za ka zauna da mutane masu sunaye iri-iri. Ka koyi na 'ya'yansu daidai, ka tambayi ma'ana, za ka ga yadda fuskar iyaye ke sakewa. Kuma kada ka guntule sunan ɗiyarka don tsoron bakinsu. In ni Garba na iya farawa da hanci bayan na haura arba'in, su ma za su iya.

Bayan kai an daɗe ba a haihu ba, sannan aka samu Maryamu. Na duba shekaruna, na duba na Innarku, na yanke hukunci da kaina cewa an rufe. Na hana a ce mata Mairo, na ce Auta za a riƙa kira. Shekarar da aka buɗe makaranta kyauta ga kowa, na riƙe hannunta muka shiga layi, ana sa yara su ɗora hannu bisa kai su kamo kunne don a gane sun isa. Hedimasta, wani mutumin Kwara mai fara'a, ya ce, "Sunanta?" Ina can ina gaisawa da wani, na ce, "Auta." Ya rubuta Auta Garba. Ba a yi shekara ba Innarku ta fara ƙin warin daddawa.

Garin nan sai da ya yi wata guda yana dariyata. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Malam Garba, ya Autar farko?" Yanzu ga yarinya a sakandare, takardarta ta firamare na cewa Auta, ga ƙanwa na bin ta a baya. Sau biyu ina zuwa kotu yin rantsuwa cewa Auta Garba da Maryamu Garba mutum ɗaya ce, alƙali na kallona ta saman tabarau. Don haka ranar da aka raɗa suna, ka sa a rubuta sunan yanka a katin asibiti, ka duba haruffan da idonka, kuma yadda aka rubuta ran nan haka za a riƙa rubutawa ko'ina. Laƙabi na tsakar gida ne. Batun wace ce auta kuwa ka bar wa Mai bayarwa.

Tunda sunaye ka tambaya, ga abin da na tara a wajen malamai bayan sun gama yi mini dariya. Amina amintacciya ce. Jamila kyakkyawa. Habiba, da ake gajarcewa Habi, abar ƙauna. Rahma jinƙai. Zara daga Zahra'u, mai haske. Luba daga Lubabatu, an ce mini shi ne tsakiyar abu, wurin da ya fi kyau. Yawancin gajerun da kake ji ma dogaye ne mata suka rage musu tsawo don saurin kira: Dije daga Hadiza, Abu wutsiyar Zainabu, Ma'u wutsiyar Asma'u, Hanne daga Hannatu, Bilki daga Bilkisu. Binta da ake ce wa Faɗimatu kalmar Larabci ce mai nufin ɗiya. Saboda haka ko ka sa dogo kada ka damu, kafin cibiya ta warke mata sun yanke shi.

Akwai kuma namu na gida, da ake ɗorawa bisa sunan yanka. Na rana ka san su, Ladi da Tani da Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe. Wadda ta zo cikin azumi Azumi, ta ranar salla Tasalla, ta tsakiyar ruwa Marka, ta shekarar da rumbu ya cika Yalwa. Wadda ta biyo bayan maza ita ce Delu ko Kande, kamar yadda kai da ka biyo bayan mata ka zama Tanko. Waɗannan ba sai ka wahal da kanka ba. Ba uba ke sa su ba, kuma ba ya iya cire su.

Na bar na ƙarshe don shi ne nake so ya zauna maka. Da aka haifi ƙaramarku, bayan abin kunyar Auta, na rasa ƙarfin halin zaɓar suna. Ana jibi suna na shiga ɗakin Innarku da rana, tana zaune a gado tana shan kunun kanwa. Don in fita kunya kawai na ce, "Wai ke, ba ki da wani suna da kike so?"

Ko ludayi ba ta ajiye ba ta ce, "Sa'adatu."

Saurin amsar ya ba ni mamaki. Na ce, "Yaushe kika yi wannan tunani?"

Ta ce, "Tun cikin Uwani nike riƙe da shi."

Na ce, "Shekara ashirin da wani abu? Me ya hana ki faɗi?"

Ta ce, "Malam, ba ka tambaya ba."

Sannan ta gaya mini Sa'adatu ƙawarta ce ta ƙuruciya a ƙauyensu, tare suke zuwa rafi, tare suka koyi kaɗi. Ciwon sanƙarau ya ɗauke ta suna 'yan shekara goma sha biyu. Tun ran nan ta ƙudurta in Allah Ya ba ta ɗiya za ta mayar da sunan. Sau biyar ana haifar mace a ɗakinta, sau biyar tana sauraron maroƙi ya shigo da wani suna, tana guɗa tare da mutane. Na zauna da matar nan shekarun nan duka, na san yawan gishirin da take sa wa miya, ban san da wannan ba. Na yi wa Gwaggo alkawari, na yi wa uwata, na ɗauko albasa daga bakin Alhaji Mamman, amma wadda ta ɗauki cikin wata tara ban taɓa juyawa na tambaye ta ba.

Aka sa Sa'adatu, ma'anarsa farin ciki da dacewa, ga ta nan muna ce mata Sa'a. Ka lura duk cikin 'ya'yanta ita kaɗai Innarku ke kira da cikakken suna, ba ragi, ba sakaya. In ta leƙa ƙofa ta ce "Sa'adatu", har yau sai na ji muryarta ta koma ta yarinya.

To, Tanko, ga amsar tambayarka ta ranar Juma'a. Kafin ka duba jerin da na rubuta, kafin ka je wajen malami, ka zauna da Zulai ka tambaye ta. Za ta ce duk wanda ka ga dama, don haka aka koya mata. Kada ka karɓi wannan amsar. Ka bari a kwana biyu ka sake tambaya, ka yi shiru ka jira. Yarinya ce da ta tashi ba uwa, kuma yanzu ka kai ta garin da ba ta san kowa ba sai kai. Ban san abin da take riƙe da shi ba, ban kuma ce ga wanda za ku sa ba. Amma zai yi wuya a ce ba ta riƙe da komai. In kuwa namiji Allah Ya kawo, duk abin da na faɗa yana nan daram, sai ka canza jerin.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ka sa mata gidan sauro, an ce garin bakin ruwa ne. Kada ka bari ta ɗauki ruwa mai nauyi, kuma ranar awo ka raka ta asibiti da ƙafarka, ba abin kunya ba ne. In wata ya kama, Indo za ta taho ta zauna da ku har a gama wanka. Da an sauka ka bugo waya ofishin gona, za a aiko a gaya mini.

Innarku na gaishe ku. Na karanta mata abin da na rubuta, ta ce na manta wauta biyu, amma takarda ba za ta ɗauka ba. Yayyenka da ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah Ya sauki Zulai lafiya, Ya ba mu mai albarka, Ya raya mana bisa tafarkin addini. Allah Ya kare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na baki, Ya sa ku zama alheri ga maƙwabtanku su zama alheri gare ku, Ya maido mana ku gida ku uku cikin ƙoshin lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba Malamin Gona.